Daga Alama Zuwa Sababi: Tarihin Nazarin Ciwon Sanƙarau a Ƙasar Tambuwal

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa da zarar hunturu ya ja jiki, bazara ta kunno kai, iyaye kan shiga fargabar ciwon sanƙarau. Sunan ciwon kansa bayani ne, domin daga kalmar "sanƙare" aka samo shi, saboda yadda wuyan majinyaci kan ƙage har ya kasa sunkuyar da kai. Bahaushe ya lura da alamar, ya kuma raɗa mata sunan da ya dace da ita. To, amma sanin alama daban, sanin abin da ya haifar da ita kuma daban. Fannin ilmin da ke bin diddigin sababin cuta, da hanyar da take bi ta shiga jiki, da irin ɓarnar da take yi wa gaɓoɓi, shi ne likitoci ke kira fatoloji, wanda a Hausa ana iya ce masa ilmin sababin cuta. Shi ne gadar da ɗalibin likita ke bi daga karatun lafiyayyen jiki zuwa gadon majinyaci.

A wannan maƙala za a bi tarihin wannan ilmi a ƙasar Sakkwato, ta hanyar duba cuta guda ɗaya, watau sanƙarau. An zaɓi yankin Tambuwal da Kebbe ne saboda dalilai biyu. Na farko, yanki ne da ke cikin da'irar Sakkwato da Gwandu, inda malaman jihadi suka yi rubuce-rubuce a kan magani. Na biyu, yana cikin wuraren da aka fara ganin wani sabon irin ƙwayar sanƙarau a shekarar 2013, wanda daga baya ya addabi Nijeriya da Nijar. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, duk lokacin da aka sami galaba a kan wannan ciwo, sanin sababinsa ne ya kawo ta, duk lokacin da ciwon ya mamayi jama'a kuwa, akan tarar wannan sanin ya yi nisa da inda majinyata suke.

2.0 Yadda Bahaushe Ya Raɗa wa Cututtuka Suna

Idan aka dubi sunayen cututtuka na Hausa, za a ga mafi yawansu sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda aka gina a kan abin da ido ya gani ko wurin da ciwon yake, kamar sanƙarau da tarin shiƙa da ciwon ciki da kumburi. Akwai kuma waɗanda ke ɗauke da bayanin sababi, kamar ciwon sanyi, da ciwon daji, da shan inna, wanda aka jingina shi ga iskar nan da 'yan bori ke kira Inna. Wannan kaso na biyu shaida ne cewa Bahaushe bai tsaya ga alama kaɗai ba, ya daɗe yana tambayar "me ya jawo?" Amsoshin da ya samu su ne sanyi da zafi, da abinci, da iskoki, da sammu, da maita, bisa dukkansu kuma ƙaddarar Ubangiji. Lewis Wall, wanda ya yi nazarin magungunan Hausawa a ƙasar Malumfashi ya kuma buga littafinsa a 1988, ya nuna irin matsayin da sanyi ke da shi a cikin wannan tunani.

Har ila yau, harshen ya nuna yana karɓar sabon bayani idan ya tabbata. Abin da kakanni ke kira masassara ko zazzaɓin damina, yau yaro ƙarami ma ya san shi da zazzaɓin cizon sauro. Wannan suna bai samu ba sai bayan da Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a 1897, aka kuma shafe shekaru ana bayyana wa jama'a. Sanƙarau kuwa har yanzu sunan alamarsa yake ɗauke da shi.

3.0 Malaman Sakkwato da Ilmin Ɗibbu

Garin Tambuwal ribaɗi ne na Daular Sakkwato, wanda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya riƙe, zuriyarsa kuma ta gaji sarautarsa. Saboda haka yankin yana cikin da'irar ilmin da ta game Sakkwato da Gwandu. A wannan da'ira, ilmin ɗibbu, watau ilmin magani, yana da daraja. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan, inda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya fi kowa yawan rubutu a fannin. Baya ga littattafansa a kan ɗibbun Nabawi, ya rubuta risaloli a kan ciwon basir da ciwon ƙoda da ciwon ido, da kuma amfanin filasko.

Bayanin cuta da waɗannan malamai suka gada shi ne na ɗabi'o'i huɗu, wanda ya taso daga Yunanawa, ya bi ta hannun Ar-Razi da Ibn Sina. A wannan bayani, jiki yana ɗauke da jini da balgamu da safra'u da sauda'u, kowanne da rabonsa na zafi ko sanyi, danshi ko bushewa, cuta kuwa takan faru idan ɗaya ya rinjayi saura. Waɗannan likitoci na da sun ma yi bayanin wani ciwo da suka kira sarsam, mai zazzaɓi da gushewar hankali, suka danganta shi da kumburi a ƙwaƙwalwa ko lulluɓinta. Binciken zamani ya ture bayanin ɗabi'o'i huɗu, amma ya kamata a lura da abin da ke ƙarƙashinsa, watau yarda da cewa cuta tana da sababi a cikin jiki, wanda hankali zai iya bincikowa, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Akwai shaidar cewa Bello ya so ya faɗaɗa wannan ilmi. Lokacin da Hugh Clapperton ya ziyarce shi a 1824, cikin abubuwan da ya nema daga Ingila har da likita. Da Clapperton ya komo a 1826 ya kawo masa littattafan Larabci, ciki har da na Ibn Sina, sai dai likitoci biyun da suka taso tare da shi, Morrison da Dickson, babu wanda ya iso Sakkwato. Shi kansa Clapperton a nan ciwo ya kashe shi cikin watan Afrilu na 1827.

4.0 Gano Ƙwayar Cuta da Zuwan Annoba

A daidai wannan zamani, likitocin Turai suna bin wata hanya dabam, watau duba cikin jiki da ido. A 1761 Morgagni na Italiya ya buga littafin da ya gwama alamomin da aka gani ga majinyaci yana raye da abin da aka tarar a gaɓoɓinsa bayan ya mutu. A 1805, shekara guda bayan hijirar Shehu zuwa Gudu, likita Vieusseux ya rubuta bayanin annobar sanƙarau da ta auku a birnin Jeniba. A 1858 Virchow na Jamus ya nuna cewa ɓarnar cuta daga ƙananan ƙwayoyin halittar jiki take farawa, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. A 1887 Weichselbaum, masanin fatoloji a birnin Biyana, ya ware ƙwayar cutar sanƙarau daga jikin waɗanda ta kashe. Shekara huɗu bayan haka Quincke ya fito da dabarar ɗibar ruwan laka ta gadon baya, wadda ta ba da damar ganin ƙwayar tun majinyaci yana da rai.

Annobar sanƙarau ta farko da aka rubuta labarinta a Nijeriya ta Arewa ta auku ne a 1905, shekara biyu bayan Turawa sun ci Sakkwato. Brian Greenwood, wanda ya bi tarihin ciwon, yana ganin cewa irin wannan babbar annoba baƙuwa ce a Afirka ta Yamma, kuma mai yiwuwa daga gabas ta shigo ta hanyar Sudan. A farkon shekarun 1920 ta yi mummunan kisa a Lardin Sakkwato, ta sake dawowa wajen 1949 zuwa 1950, ta ci gaba da zagayowa bayan 'yan shekaru. A 1963 likitan sojan Faransa Lapeyssonnie ya zana iyakar yankin da take addaba, ya nuna ya yi daidai da ƙasashen da ruwan samansu ke tsakanin milimita 300 da 1,100 a shekara. Tambuwal da Kebbe suna tsakiyar wannan yanki.

5.0 Makarantun Likita da Binciken Zariya

An san ƙwayar, an san yankin, amma masu karatun da za su tsaya su nazarci ciwon a inda yake sun yi ƙaranci. Makarantar likita ta Yaba ta soma a 1930, Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, asibitin koyarwarta kuma aka buɗe shi a 1957. A Ibadan ne G. M. Edington ya koyar da fatoloji, shi da H. M. Gilles suka buga littafinsu a kan fatolojin ƙasashe masu zafi a 1969. Arewa ba ta sami tsangayar likitanci ta jami'a ba sai 1967, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta biyo baya da kwalejin kiwon lafiya da asibitin koyarwa. A 1979 aka kafa Kwalejin Ƙasa ta Horar da Ƙwararrun Likitoci, wadda ke ba da shaidar ƙwarewa ga likitan da ya gama digirinsa ya kuma zurfafa a wani fanni.

A tsarin Nijeriya, ɗalibin likita kan yi shekara shida, kuma a tsakiyar karatun yake haɗuwa da fatoloji, cikin rassa huɗu: nazarin tsoka da gawa, nazarin jini, nazarin sinadaran jiki, da nazarin ƙwayoyin cuta. Kowane reshe fanni ne da ake shafe shekaru ana ƙwarewa a kansa bayan digiri.

Shekarun 1970 a Zariya sun nuna amfanin kawo irin wannan karatu kusa da majinyata. Greenwood, wanda ya zauna can daga 1970 zuwa 1980, da abokan aikinsa irin su Hilton Whittle da Sadiq Wali da Idris Mohammed, sun yi aiki a kan sanƙarau ta fuskoki da dama. Sun inganta hanyoyin gano irin ƙwayar cikin hanzari daga ruwan laka. Sun bayyana cewa kumburin gaɓoɓi da kan biyo bayan ciwon faɗan garkuwar jiki ne da ɓurɓushin ƙwayar. Sun gwada allura guda ta maganin kuloramfenikol mai mai, wadda ta daɗe tana ceton rayuka a ƙauyukan da babu gadon kwantarwa, kafin maganin seftiriyazon ya maye gurbinta. Abu mafi jan hankali shi ne abin da suka gano game da rani. Sun tarar cewa ƙwayar tana yawo a maƙogwaron mutane rani da damina, abin da ke sauyawa a rani shi ne yawan waɗanda take samun hanyar shiga jininsu. Daga nan aka ƙarfafa zaton cewa bushewar iska da ƙura su ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro. Ashe Bahaushe da ya danganta ciwon da zafin bazara ya lura daidai, sai dai bai ga ƙofar da zafin ke buɗewa ba.

A wannan asibiti ne kuma Eldryd Parry da Neil Davidson suka nazarci ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta yawansa da shan kunun kanwa mai yawa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta. Wannan misali ya nuna cewa mai neman sababin cuta a ƙasar Hausa ba ya wadatuwa daga sanin al'adar Hausawa.

6.0 Yadda Ciwon Ke Aiki a Jiki

Abin da ɗalibin likita ke koya a yau game da sanƙarau ana iya taƙaita shi kamar haka. Ƙwayar tana zaune ne a bayan hanci da maƙogwaro, tana kuma ratsawa daga mutum zuwa mutum ta tari da atishawa da cunkoson ɗaki. Kimanin mutum guda cikin goma na iya ɗauke da ita ba tare da ya ji komai ba. Ga wasu kaɗan, sai ta huda fatar maƙogwaro ta faɗa cikin jini. Abin da ke kare ta a can shi ne wani kwanso mai santsi da ya lulluɓe ta, wanda ke hana fararen ƙwayoyin jini cafke ta. Daga jini takan tsallaka zuwa tantanin da ya rufe ƙwaƙwalwa da laka, inda ruwan wurin ba shi da isassun masu tsaro, sai ta hayayyafa. Gubar da ke jikinta takan tayar da garkuwar jiki, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi, ruwan da ke garai-garai ya gurɓace ya zama kamar mugunya. Kumburin tantanin shi ke sa jijiyoyin wuya su ƙage, matsin da ke cikin ƙoƙon kai kuma ya kawo ciwon kai da amai da suma. Idan kumburin ya kai ga kunnen ciki, sai kurumta ta biyo baya. Idan kuwa ƙwayar ta cika jini, hanyoyin jini kan yi yoyo, tabo ya fito a fata, mutum ya mutu cikin sa'o'i. Ba tare da magani ba, takan kashe kusan rabin waɗanda ta kama.

Muhimmin abu a nan shi ne kwanson. Iri-iri ne, an kuma laƙaba musu haruffa, shida daga ciki su ne masu haddasa yawancin ciwon: A da B da C da W da X da Y. Allurar rigakafi tana koya wa jiki gane kwanso ne, saboda haka wadda aka yi domin A ba ta tsare mutum daga C. Alamomin kuwa iri ɗaya ne. Babu likitan da zai dubi sanƙararren wuya ya faɗi harafin, sai an ɗebi ruwan laka an kai ɗakin awo.

7.0 Tambuwal, 2013

Kusan dukkan manyan annobobin ƙarni na ashirin irin A ne ya haddasa su, har da ta 1996, wadda aka lissafa mutum 109,580 da suka kamu a Nijeriya, 11,717 suka rasu. Saboda haka aka ƙera rigakafin MenAfriVac domin A, aka fara shi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, aka yi wa jihohin Arewacin Nijeriya tsakanin 2011 da 2014. Annobar A ta kau, har wasu suka ɗauka an gama da sanƙarau.

A ranin 2013 sai ciwon ya ɓarke a kudancin Jihar Sakkwato, yankin Tambuwal na cikin inda aka fara ganinsa. Ma'aikatan lafiya na jiha da likitocin ƙungiyar MSF suka lissafa mutum 856 da suka kamu. Ga idon jama'a, sanƙarau ne dai irin wanda aka sani, ga shi kuma ana ta yekuwar rigakafi, abin da ke iya sa mutum ya ce allurar ba ta da amfani. Ruwan lakar da aka ɗiba ne ya warware zancen. An aika da shi ɗakin awo na birnin Oslo a ƙasar Norwe, mai aiki tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, aka tabbatar irin C ne, kuma wani sabon dangi da ba a taɓa gani ba, aka ba shi lamba 10217. A 2014 ya ɓulla a Jihar Kabi, a 2015 ya kama mutum fiye da 6,000 a jihohin biyu, ya kuma tsallaka Nijar ya kama fiye da 9,000. A ranin 2016 zuwa 2017 aka sami annobar C mafi girma da aka taɓa rubutawa, wadda ta soma daga Zamfara, maƙwabciyar Kebbe. An lissafa mutum 14,518 a Nijeriya, 1,166 suka rasu, kuma rigakafin C da ke ajiye a duniya bai kai yawan da ake bukata ba.

A 2018 masana suka buga sakamakon karanta ƙwayoyin gadon wannan dangi. Sun gano cewa kakansa ƙwaya ce marar kwanso, mai zaman lafiya a maƙogwaron mutane, wadda aka taɓa samun 'yar'uwarta ga wani lafiyayye a Burkina Faso. Sai ta tsinci ƙwayoyin gadon ƙera kwanson C daga wata ƙwaya, tare da wasu masu taimaka mata kutsawa cikin jiki, ta rikiɗe ta zama makashiya. Wannan bayani ya wanke mutanen yankin daga duk wani zargi, domin irin wannan musanya tana iya aukuwa a maƙogwaron kowa, a ko'ina. Shi ne kuma ya ƙara ƙarfafa neman rigakafi mai game iri da yawa. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai tsarewa daga A da C da W da X da Y. Duk da haka, a ranin 2025 ciwon ya sake kisa a Gwandu da Aliero da Jega, maƙwabtan Tambuwal.

8.0 Kammalawa

Daga risalolin Bello zuwa lamba 10217, tambaya ɗaya ake bi, watau me ya jawo, ta yaya kuma ya auku. Tarihin ya nuna amsar ta yi ta matsowa: daga Biyana zuwa Ibadan, daga Ibadan zuwa Zariya, daga Zariya zuwa Sakkwato, wadda ke da nisan kimanin kilomita 100 daga Tambuwal. Amma a 2013 sai da ruwan lakar yaran wannan yanki ya je Oslo kafin a san cikakken sunan abin da ke kashe su. Babban ɗakin awo na Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa da ke Abuja ya rage wannan nisa, sai dai bukatar ƙwararrun fatoloji da kayan awo a asibitocin jiha tana nan.

Akwai kuma rabon aikin da ya hau kan masana harshe da al'ada. Ɗalibi da Turanci yake koyon wannan ilmi, amma da Hausa zai roƙi uba ya yarda a ɗebi ruwan bayan ɗansa, da Hausa zai bayyana wa dangi dalilin duba gawa a al'ummar da ke gaggauta jana'iza, da Hausa kuma zai faɗa wa uwa dalilin da ya sa allurar bara ba ta tsare ɗanta daga ciwon bana ba. Muddin babu daidaitattun kalmomi na kwanso da tantani da garkuwa da iri, bayanin zai tsaya a ɗakin lacca. Harshen da ya iya mayar da masassara ta zama zazzaɓin cizon sauro zai iya ɗaukar wannan ma, idan likitoci da malaman Hausa suka zauna tare suka yi aikin.